Motar da muke bukata ba ta baje koli ba ce

Jiya wani abokina ya turo min bidiyon irin motocin nan na gwaji da kamfanoni ke nunawa a wajen baje koli: gaba motar gida, baya a-kori-kura, tayoyi kuma na shiga daji. Ya ce wai duniya ta tafi ta bar mu. Na yi dariya, don wallahi mu mun daɗe da sanin wannan haɗin.

Duk wanda ya tashi a Kano ya san Peugeot 504 a-kori-kura. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma wannan motar ta ɗauki buhunan hatsi, ta ɗauki mutane, ta shiga ƙauyen da babu kwalta, bakanike a bakin titi ya gyara ta. Hyundai kuwa sai a 2015 ya nuna samfurin Santa Cruz a Detroit, bai fara sayar da ita ba sai 2021. Wato abin da suke kira sabon tunani, mu buƙatar yau da gobe ce.

A Bompai nake aiki. Kullum sai na ga ƙaramar mota an danƙara mata kaya har bayanta na shafar ƙasa, fasinja biyu a kujerar gaba, ga damina ta cinye hanya. Mai motar ba ganganci yake so ba. Kuɗin Hilux ne ba shi da shi, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ba zai iya yin sawu biyu ba. Idan aka yi haɗari, rai ake rasawa.

To me ya hana mu ƙera tamu? Basira dai akwai. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana samfurin Chevrolet Volt da General Motors ya nuna a 2007, daga baya ya shugabanci hukumar NADDC daga 2017 zuwa 2023. Ga masu walda da kanikawa, ga 'yan kayan gyara a Ƙofar Ruwa, ga masana'antu a rufe a Sharaɗa da Challawa.

Wani zai ce babu wuta, kuma 'yar Kwatano ta fi araha. Gaskiya ne, ban musa ba. Shi ya sa nake ganin kada mu fara da mafarkin Cybertruck. A fara da mota mai sauƙi: kujera biyar, bodi a baya, mai tsayi daga ƙasa, marar shan mai, wadda za a samu kayan gyaranta a kasuwa. Gwamnatin jiha ta fara saye don aikin gona da asibitocin karkara, sai masu kuɗi su samu ƙwarin gwiwar zuba jari.

Ku direbobi da 'yan kasuwar Dawanau, in aka ƙera irin wannan a Kano, za ku saya, ko sai ta waje? Ina sauraron ku.

Allah Ya tsare mu a kan hanya.