NAZARI: Yauƙin cikin bututu da jarka, ɓangaren matsalar ruwan Kaduna da ba a cika tattaunawa ba

Duk lokacin da aka tayar da maganar ruwan sha a arewacin birnin Kaduna, muhawarar kan tsaya ne a kan matatar ruwa ta Malali: lita nawa take tacewa, kuma yaushe famfo zai dawo a Kawo, Unguwar Dosa ko Badarawa. Tambayoyi ne da suka dace. Sai dai tsakanin matata da moɗar da yaro zai kai baki akwai doguwar tafiya ta cikin bututu, tankin sama da jarkokin 'yan ga-ruwa, kuma a hanyar ce ruwa mai tsabta kan gurɓata.

Duk wanda ya taɓa zura yatsa cikin tsohuwar jarka ya san santsin da ke jikinta. Wannan yauƙi, da masana ke kira bayofim, dandazon ƙwayoyin bakteriya ne da suka kafa sansani. Tun 1683 Antonie van Leeuwenhoek ya hango irinsa a dauɗar haƙoransa, kuma a 1978 Bill Costerton da abokan aikinsa suka bayyana cewa zaman maƙale a jikin abu shi ne rayuwar da akasarin bakteriya suka saba da ita.

Yadda suke kafa sansanin abin lura ne. Kafin su iso, ƙwayoyin dauɗa da ke cikin ruwa sun riga sun kwanta a jikin roba ko ƙarfe, sun zama shimfiɗa. Ƙwayar bakteriya tana iyo ne da wata siririyar wutsiya mai juyawa. Da ta gogi bango, juyawar kan yi nauyi, ta haka take gane cewa ta taɓa wani abu. Tana kuma da siraran gasu da take miƙawa ta janye, kamar mai laluben duhu. Idan suka kama bango, sai wani sinadarin saƙo a cikinta, mai suna c-di-GMP, ya ƙaru. Daga nan ta rage iyo, ta fara fitar da danƙo, ta hayayyafa a cikinsa. A farkon lamarin, ɗauraya kawai na iya kore ta. Da zarar danƙon ya kafu, sai an dirje.

A nan ne yadda ake raba ruwa ya shigo cikin lissafi. Bututun da ruwa ke zuwa yau ya ɗauke gobe shi ne wurin da wannan yauƙi ya fi so. Idan ƙarfin ruwa ya faɗi, bututun da ya tsage a gefen kwata yakan zuƙo ƙazanta ciki. Ruwan da ya kwanta yakan rasa kulorin ɗin da aka zuba masa, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ranar da famfo ya dawo da ƙarfi, sai ya ɓamɓaro guntayen yauƙin ya kai su randa. Kulorin da ke kashe ƙwaya mai yawo cikin sauƙi yakan ƙare a saman danƙon kafin ya kai ga na ciki.

Ƙwayar kwalara ma gwana ce a wannan maƙalewa. A 2021, Hukumar NCDC ta lissafa mutum sama da 110,000 da ake zargin sun kamu da cutar a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Kaduna na cikin jihohin da abin ya shafa. Babu mai cewa yauƙi ne kaɗai sanadi. Bahaya a fili da ambaliya suna gaba. Amma binciken Rita Colwell a Bangaladash, wanda aka wallafa a 2003, ya nuna cewa tace ruwa da tsohon zani mai ninki huɗu ya rage kamuwa da kwalara da kusan rabi, domin ƙwayoyin a maƙale suke a jikin ƙananan halittun ruwa, zanin kuma ya tare su tare.

Saboda haka adadin litar da Malali ke fitarwa bai isa ma'auni ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada kulorin ya gaza miligiram 0.2 a kowace lita a inda ruwa ke isa hannun jama'a. Ya kamata Hukumar Ruwa ta Jihar Kaduna ta riƙa auna wannan a ƙarshen layi, unguwa-unguwa, ta kuma wallafa sakamakon tare da jadawalin wanke bututu.

Jarka kuwa ta fi wuyar sha'ani. Bakinta ƙarami ne, soso ba ya shiga, kuma ɗan ga-ruwan da ke tura kura daga rijiyar burtsatse tun asuba ba shi da lokacin jiƙa ta da kulorin. Ba na ganin kora ko tara za su gyara wannan. Wurin wanke jarka a gindin kowace burtsatsen kasuwanci, ƙarƙashin kulawar jami'an duba-gari na ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, ya fi araha nesa ba kusa ba a kan buɗe sansanin masu amai da gudawa idan damina ta kankama.