Windows 10 ta daina samun tallafi: ya za mu yi da tsofaffin laftof ɗinmu? (zare)

1/ Zaren nan na masu tsohuwar laftof ne, irin tamu ta ɗalibai da Windows 11 ta ce ba ta san da zamanta ba. Zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri. Abin da ya samu abokin ɗakina ne ya hana ni yin shiru. 🧵

2/ Yana aji huɗu, ya gama babi na ɗaya zuwa na uku na firojet. Sai saƙon nan ya dinga fito masa a allo cewa tallafin Windows 10 ya ƙare. A wani guruf aka turo fayil, wai "sabuntawar 2026, kyauta". Ya sauke, ya kashe antibairos kamar yadda aka ce, ya danna.

3/ Washegari duk takardunsa na Word suka ƙi buɗewa. An maƙala musu wani baƙon suna a ƙarshe, ga saƙo a kowace folda: a biya ɗaruruwan daloli. Babi biyun farko ya same su a imel ɗin da ya taɓa tura wa malaminsa. Na uku kuwa daga farko ya sake rubutawa. Sati biyu bai yi barcin kirki ba.

4/ Ra'ayina a taƙaice: tsohuwar kwamfutarka ba ta mutu ba, kar kowa ya tsorata ka ka ci bashi. Amma sabuntawar tsaro daga wanda ya ƙera Windows ake karɓarta. Duk hanyar da za ta ƙara maka lokaci, lokaci kawai ta ƙara, sai ka yi amfani da shi ka shirya ƙaura.

5/ Bari mu fara da abin da ya faru. Windows 10 ta fito a Yulin 2015. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafa mata. Kwamfutar za ta ci gaba da kunnuwa, Word zai buɗe, fim zai yi. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro na kyauta da ake turowa kowane wata.

6/ Mene ne facin? Duk Talata ta biyu a wata Microsoft na fitar da gyaran ramukan da aka gano a Windows. Ramin nan shi ne ƙofar da ɓarawo ke bi ya shiga ya kwashe kalmomin sirrinka ko ya kulle maka fayiloli. In an daina faci, duk ramin da aka gano daga baya a buɗe zai zauna.

7/ Ga inda abin ya fi muni: Windows 10 da 11 sun yi tarayya a abubuwa da yawa na ciki. Idan aka toshe rami a 11, masu kutse na zama su nazarci facin su gano inda ramin yake, sai su je su gwada shi a kan 10. Gyaran maƙwabci ya zama taswirar gidanka.

8/ "To a koma Windows 11 mana." Da sauƙi a baki. Tana neman RAM 4GB, ma'aji 64GB, guntun tsaro TPM 2.0, da furosesan Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, in ban da 'yan tsirarun ƙarni na 7. A AMD kuwa yawanci daga Ryzen 2000. A nan mafi yawanmu muka faɗi.

9/ Ku leƙa laburare ko ɗakin karatu da daddare. EliteBook 840 G3, ƙarni na 6. G4, ƙarni na 7. ThinkPad T460, ƙarni na 6. Su ne 'yan gwanjon da iyayenmu suka iya saya mana. Tawa ma G3 ce, tun aji ɗaya nake tare da ita, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

10/ Don haka masu jin haushin Microsoft ina tare da ku. Na'urar da ke aiki lafiya a ce ta tsufa saboda lambar furosesa, akwai ciwo. Amma jin haushi ba ya toshe rami. Ka yi fushinka, sannan ka tashi ka kulle ƙofarka.

11/ Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da yawa cikinmu mun kashe Windows Update tun kafin Microsoft ta kashe. Ranar da aka sayi laftof, abu na farko da ake roƙon mai shago: "Don Allah ka kashe min abin nan mai shanye data." Ni ma na yi. Shekara guda na yi ba faci ko ɗaya.

12/ Ku tuna WannaCry, Mayun 2017. Ya kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin dubban marasa lafiya. Facin ramin da ya bi ya fito tun watan Maris, wata biyu kafin harin.

13/ Mafi yawan waɗanda ya kama Windows 7 suke amfani da ita, kuma a lokacin tana samun facin tsaro. Maganin yana ajiye, ba su sha ba. Abin ya yi tsananin da sai da Microsoft ta fitar da facin gaggawa har ga Windows XP, wadda ta daina tallafa wa tun Afrilun 2014.

14/ To yanzu mafita. Hanya ta farko, kuma ita nake ba kowa shawara ya fara da ita: ESU. Shiri ne na Microsoft da kanta, yana ci gaba da turo facin tsaro ga Windows 10 na mutanen gida har zuwa 13 ga Oktoba 2026. Ba sabon fasali, tsaro kawai.

15/ Hanyoyin shiga uku ne: ka biya dala 30 sau ɗaya, ko ka ba da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko ka shiga da asusun Microsoft ka kunna Windows Backup ya adana saitunanka. Ta ukun ba ko kwabo. Ita na bi.

16/ Yadda ake yi: danna maɓallin Windows da R tare, rubuta winver. Dole ka ga 22H2. In ka ga ƙasa da haka, sai ka fara sabuntawa tukuna. Daga nan Settings, Update & Security, Windows Update. In komai ya cika za ka ga Enroll now. In ba ka gani ba, sauke duk abin da ke jira ka sake dubawa.

17/ Na san mai cewa "ba na son haɗa kwamfutata da asusun Microsoft, bayanaina suke so." Damuwa ce mai tushe, ban raina ta ba. Amma ka auna: kamfanin da ka san sunansa da adireshinsa, ko baƙon da ya turo fayil a guruf ya ce ka kashe antibairos? Ni dai na zaɓa.

18/ Maganar data: facin wata kan kai ɗaruruwan MB, gaskiya ne. Ka sa Metered connection a kan hotsfot ɗin wayarka don kar Windows ta yi ta sauke abu ba izini. Sannan ka ware rana ɗaya a wata, da datar dare ko Wi-Fi na makaranta, ka sabunta. Kuɗin bai kai na sake buga firojet ba.

19/ Hanya ta biyu: tura Windows 11 da ƙarfi. Manhajar Rufus na iya haɗa filashin da zai tsallake binciken TPM da furosesa. Yana aiki, na ga ya yi a laftof ɗin abokai. Amma Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta yi alkawarin sabuntawa ga irin wannan na'ura ba.

20/ Yau facin wata na shigowa, gobe ba wanda ya ba ka tabbas. Kuma babban sabon zubi na shekara yawanci ba ya zuwa da kansa, sai ka sake ɗora shi da hannu. In kana iya wannan hidimar, bismilla. In wani ne zai ɗora maka ya tafi, ka sani ka ɗauko aikin da ba ka san ranar dawowarsa ba.

21/ In za ka bi ta nan, Windows ɗin daga shafin Microsoft za ka sauke, Rufus daga shafinsa. Waɗancan "Windows 11 Lite" da "Super Lite" da ake yawo da su a filashi, ba ka san me aka cire ba, ba ka san me aka cusa ba. Sau da yawa Defender da Windows Update ne farkon abin da ake yankewa.

22/ Dabarar yaudarar Windows ba yau aka fara ba. A 2014 masu XP sun gano cewa in aka ɗan taɓa rajistar tsarin, kwamfuta za ta yi kamar ita ce POSReady 2009, wato Windows ta injinan kanti. Sun ci gaba da samun faci har Afrilun 2019, duk da gargaɗin Microsoft cewa ba don su aka yi ba.

23/ Ƙarshenta dai ita ma ta ƙare. Kuma kafin nan manhajoji sun riga sun gudu. Haka aka yi wa Windows 7: tallafi ya ƙare a Janairun 2020, Chrome ya tsaya mata a zubi na 109 a farkon 2023. Ranar da burauza ta daina sabuntuwa, ranar ce shiga banki da imel ya zama ganganci.

24/ Akwai kuma 0patch, na wani kamfanin tsaro a Sulobeniya, masu yin ƙananan faci ga Windows ɗin da aka daina tallafa wa. Sana'arsu ce, ba 'yan guruf ba ne. Sai dai cikakken shirin na kuɗi ne duk shekara, da kuɗin waje, kuma manyan ramuka suke bi, ba komai ba.

25/ Hanya ta uku, wadda nake ganin ita ce gidan zama ga yawancinmu: Linux. Kar ku gudu tukuna 😅 Linux Mint 22 kyauta ce, tana da tallafin tsaro har 2029, fuskarta kuma ta yi kama da Windows. A kan irin G3 ɗina tana gudu ba nauyi.

26/ Za ka iya gwada ta daga filashi ba tare da ka goge komai ba. Ka duba Wi-Fi, sauti, madannai, firinta. Chrome da Firefox suna nan, Zoom da VLC suna nan, LibreOffice na buɗe fayilolin Word da Excel, Google Docs kuma a burauza yake.

27/ Ba zan ɓoye aibinta ba. AutoCAD, CorelDRAW da Photoshop ba su da zubin Linux. In da su kake karatu ko neman abinci, wannan hanya ba taka ba ce. Kuma wani lokaci tsarin shafi kan ɗan goce tsakanin LibreOffice da Word, don haka ka mayar da aikinka PDF kafin ka kai a buga.

28/ Wanda dole sai tsohuwar Windows saboda wata manhaja, kuma ba ESU: raba ta da intanet. Yi zanenka, yi rubutunka, amma banki da imel a waya mai samun sabuntawa. Kuma ka kula da filashin da ya je shagon buga takardu ya dawo. Mun san abin da yake kwasowa.

29/ Wani zai ce ai Defender na nan. E, Microsoft ta ce zai ci gaba da samun bayanan sababbin bairos a Windows 10 har Oktoban 2028. Yana da amfani. Amma antibairos maigadi ne, faci kuma gyaran katanga. Maigadi ɗaya ba zai tsare katangar da ke ƙara tsagewa duk wata ba.

30/ Masu shirin sayen laftof 'yar gwanjo, a nan ku buɗe ido. Kamfanonin Turai da Amurka na sauke na'urorin da ba sa ɗaukar Windows 11, kuma mun san kasuwar da irinsu ke ƙarewa. Ina zaton za mu ga araha mai ban sha'awa. Araha kuwa ba ta ado.

31/ "Core i7 ce" ba amsa ba ce. Tambayi ƙarni. Duba lambar: i5-6300U ƙarni na 6 ne, i5-8250U na 8. A EliteBook 840 daga G5 ake farawa, a ThinkPad T480 ce ta zo da ƙarni na 8, amma ita ma ka duba lambar. Ganin Windows 11 a kai ba hujja ba ne, ƙila da ƙarfi aka tura ta.

32/ Kafin ka taɓa komai cikin abin da na lissafa: kwafi aikinka wuri biyu. Ɗaya a filashi ko hadis na waje da ba ya zama a jone, ɗaya a Google Drive ko imel ɗinka. Abokina ba wata manhaja ce ta cece shi ba, tsohon imel ne da ya manta ya tura.

33/ Ni ga tsarina: na shiga ESU, ina sabuntawa duk wata. Na sa Mint a filashi ina koyo a ƙarshen mako. In na kare firojet, kafin Oktoban 2026, zan goge Windows na koma gaba ɗaya. Kuɗin sabuwar laftof kuwa sai in Allah Ya kawo alawus ɗin bautar ƙasa.

34/ Yau da daddare ka rubuta winver ka ga inda kake. In ka maƙale a wani mataki, ajiye hoton allon a ƙasa, zan amsa gwargwadon abin da na sani, waɗanda suka fi ni sani kuma su gyara min. A tura wa ɗan ajin da har yanzu Windows Update ɗinsa ke kashe. Allah Ya tsare mana wahalarmu. 🙏