Kafin mu tafa wa jirage marasa matuƙa, a ba mu amsar Tudun Biri

Jama'a, duk sanda aka ɗora hoton sabon jirgin soja mara matuƙi a Facebook, sai ka ga an cika ƙasan hoton da addu'ar samun nasara. Mu ma amin muke cewa. Duk wanda ya taɓa sayar da gona ko shanu don biyan kuɗin fansa a jihar nan ba zai ƙi abin da zai hango maɓoyar ɓarayi ba. Amma idan wani ya yi tambaya ɗaya kan yadda ake amfani da jiragen, nan take a yi masa caa, a ce maƙiyin soja ne. Wannan shi ne abin da ba mu yarda da shi ba. 'Ya'yanmu da ƙannenmu ne a cikin kakin nan.

Ba yau Najeriya ta fara harkar ba. Tun a 2015 aka ga tarkacen jirgin CH-3 ƙirar China da ya faɗi a Borno. A Fabrairun 2018 Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi a Kaduna, daga baya aka sayo Wing Loong II daga China da Bayraktar TB2 daga Turkiyya. Kaya kam an saya, kuma 'yan ISWAP ma sun fara amfani da nasu ƙanana, don haka ba mai cewa a zauna hannu rabbana.

To amma a daren 3 ga Disamba 2023, jirgin sojan ƙasa mara matuƙi ya jefa bam kan masu mauludi a Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi. Waɗanda suka tsira sun ce ana cikin kwashe gawarwaki aka sake jefa na biyu. NEMA ta ce an binne mutum 85, Amnesty ta ce sun haura 120, da yawansu mata da yara. Marigayi Janar Lagbaja ya je ya ba da haƙuri, wannan mun yaba. Shugaba Tinubu ya ce a yi bincike, a Mayun 2024 hedikwatar tsaro ta ce jami'ai biyu za su fuskanci kotun soja. Daga nan fa? Mu dai ba mu ga rahoton ba. Jirgin bai yi kuskure ba, inda aka nuna masa nan ya buga. Mutum ne ya kalli allo ya ga taro cikin dare, ya yanke hukunci. Wa ya ba shi bayanin? Wa ya tabbatar? Wa ya ba da umarni na biyu?

Wani zai ce ai Kaduna ce, ina ruwan Jalingo. Mu tuna 6 ga Agusta 2019 a hanyar Ibi zuwa Wukari, inda sojojin bataliya ta 93 ta Takum suka buɗe wa motar 'yan sandan da suka kamo Wadume wuta, suka kashe uku daga cikinsu. Rundunar ta ce ta zaci masu garkuwa da mutane ne. Wannan a ƙasa ne, ido da ido. Idan hukumomi biyu na gwamnati ɗaya sun kasa gane juna a kan kwalta, me zai faru idan mai kallon yana zaune a wani gari, yana ganin mu kamar tururuwa?

Ku duba yadda muke rayuwa. Jerin babura ranar kasuwar Iware ko Mutum Biyu. Makiyaya da garke a dajin Gashaka. Mafarauta da 'yan banga da bindigogin toka suna bin sawun ɓarayi a Karim Lamido ko Bali. Masu raka amarya, masu mauludi, masu taron coci da dare. Daga sama duk abu ɗaya ne: mutane da yawa, babura, wani lokaci da makami. Kuma ga babban abin tsoro a jiha irin tamu mai rikicin ƙabilanci: mai ba da rahoton ƙarya. Mutum ɗaya mai jin haushin ruga ko ƙauyen maƙwabta ya isa ya jawo musu wuta daga sama, ba tare da ya ɗaga adda ba.

Shi ya sa muke cewa zamanantar da soja ba sayen kaya ba ne kawai. A fito da rahoton Tudun Biri, a faɗi hukuncin da aka yanke, a rubuta biyan diyya cikin doka maimakon a bar shi a matsayin alfarmar ta'aziyya. A nan gida kuma, muna da Birged ta 6 a cikin garin nan. Me zai hana a samar da lamba ɗaya sananniya da dagatai, ardo-ardo, limamai, fastoci da shugabannin 'yan banga za su riƙa sanar da taro ko fita daji kafin lokaci, a kuma riƙa rubutawa? Sanatocinmu uku da 'yan majalisar wakilanmu su ne ke amincewa da kasafin tsaro duk shekara. Idan sun zo gida yawon gaisuwa, mu tambaye su ko sun taɓa neman ganin wannan rahoton, kuma me aka ce musu.