IDAN AN YI KUWWA, WA ZAI AMSA?

Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba, da ƙarfi, don mata na cikin gida su ma su ji. Maganar ta kowa ce.

A ƙauye, idan gobara ta tashi, mutum ɗaya ya yi kuwwa, nan da nan sai ka ga maƙwabta da tulu da bokiti. Kowa ya san muryar kowa, kowa ya san ƙofar gidan kowa. To, amma garin da ke da mutane miliyoyi, ga teku a gefe, ga ruwa ya ratsa unguwanni, in ka yi kuwwa wa zai ji ka? Garin da muke nufi shi ne Ikko, wato Legas. Kada wani ya ce ina ruwanmu da Ikko. Da wuya a sami ƙauyen da ba shi da ɗa a can. Suna Agege, suna Idi-Araba, suna kasuwar Mile 12, suna tashar jiragen ruwa ta Apapa. Wasu dako, wasu gadi, wasu fataucin shanu da albasa da tumatir. Abin da ya sami Ikko, ta'aziyyarsa har zaurenmu take zuwa.

Ku tuna da ranar Lahadi, 27 ga Janairu 2002. Rumbun makamai na barikin soja da ke Ikeja ya kama wuta, bama-bamai suka yi ta fashewa. Mutane suka ɗauka yaƙi ne ko juyin mulki, kowa ya ranta a na kare, ba wanda ya san inda ya dosa. Da duhu ya yi, taron ya auka cikin wani babban magudanin ruwa a Oke-Afa, wanda ciyawar ruwa irin ta kainuwa ta lulluɓe, ana tsammanin fili ne. Fiye da mutum 1,000 suka rasu, yawancinsu mata da yara, kuma yawancinsu a ruwan nan suka halaka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A lokacin wayar hannu ba ta ko shekara da shigowa ƙasar nan ba. Babu wurin da talaka zai kira ya tambayi abin da ke faruwa, babu muryar da za ta ce masa tsaya nan, kada ka bi can. Rashin labari ya kashe fiye da abin da wutar ta kashe.

Bayan wannan ne aka yi dokar Hukumar Agajin Gaggawa ta Jihar Legas, LASEMA, a 2008. A shekarar kuma aka kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar, LASWA. Aka buɗe ɗakin karɓar kira a Alausa, Ikeja, mai lamba 767 da 112. Kiran kyauta ne, ko babu kwabo a wayarka zai shiga.

To mene ne aikin mutanen wannan ɗaki? Ba sa kashe wuta, ba sa ninƙaya, ba sa yin allura. Suna zaune ne gaban waya da kwamfuta dare da rana, wasu su tashi wasu su karɓa, har ranar Salla da Kirsimeti. Wanda ya kira su ba ya cikin hayyacinsa. Yana kuka, yana ihu, wani ma harshensa kaɗai ya iya. Aikin mai karɓar kira shi ne ya kwantar masa da hankali, ya zaro abu uku daga bakinsa: a ina ne, me ya faru, mutum nawa ne. Daga nan sai ya san wa zai tura, 'yan kwana-kwana ne, ko motar asibiti, ko 'yan sandan ruwa, ko dukkansu. Sai ya dubi wanda ya fi kusa ya tashe shi. Kafin su iso kuma, yana iya gaya wa mai kira abin yi, kamar ya danne inda jini ke zuba, ko ya kwantar da wanda ya suma a kan gefensa. Likitoci sun ce mutumin da numfashinsa ya tsaya, cikin minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwarsa ke fara lalacewa. Ashe ke nan kowane minti da aka ɓata wajen tambayar hanya, daga cikin ran wani aka cire shi.

A bakin teku kuwa aikin ya fi wuya. Mota tana zuwa gaɓa ta tsaya. Unguwa irin Makoko, inda ake kafa gidaje a kan turaku cikin ruwa, babu sunan titi balle lambar gida. Ƙauyukan masunta na wajen Badagry da Epe, wasu sai da kwale-kwale ake isa. Idan jirgi ya kife, ruwa ba ya barin mutum inda ya faɗa, igiya janye shi take yi. A watan Yulin 2022, ana jajiberin Babbar Salla, wani jirgin fasinja ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe bayan faɗuwar rana, ya kife, fiye da mutum 15 suka rasu. Saboda haka mai karɓar kira a irin wannan wuri dole ya san mashigai da tashoshin kwale-kwale kamar yadda dagaci ya san gonakin ƙasarsa, kuma dole a sami jirgin ceto da mai a cikinsa, da direba a farke.

Ba mu ce Ikko ta gama gyara ba. Cunkoson motoci yakan tsare motar asibiti har mai rai ya cika. Hukumomin jihar sun sha kuka da masu kiran wasa, waɗanda ke toshe layi da shirme alhali wani yana can yana jiran a ɗauka. Amma dai akwai wurin kira, akwai mai amsawa, akwai wanda za a tuhuma in ba a zo ba.

Yanzu mu dawo gida. Mu ba mu da teku, amma muna da Kwara da Binuwai, muna da tafkin Kainji da madatsun ruwa, kuma ruwansu ci yake yi. A watan Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tsage a kusa da Wara, Ƙaramar Hukumar Ngaski a Jihar Kebbi, waɗanda aka ceto kimanin 20 ne. A watan Nuwamba na shekarar, kwale-kwale ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. A watan Yunin 2023, fiye da mutum 100 masu komowa daga biki suka halaka a yankin Patigi, Jihar Kwara. A irin waɗannan wurare, masunta da mutanen gaɓa ne ke fara faɗawa ruwa. Allah ya saka musu da alheri. Su gwamnati kuwa, yawanci sai an gama tsamo gawa suke isowa da buhun shinkafa da jawabin ta'aziyya.

Lambar 112 ta ƙasa ce baki ɗaya. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta gina ɗakunan karɓar kira a jihohi da yawa. To, amma lamba ba ta tuƙa mota. In an ɗauki kiranka, babu motar turawa, ko akwai mota babu mai, ko ƙauyenku ma waya ba ta kamawa sai an hau tudu, me aka yi ke nan? Wannan aikin gwamna ne, da 'yan majalisar da ke zartar da kasafin kuɗi, da shugaban ƙaramar hukuma. Dukkansu kuwa ƙuri'arku ce ke ɗora su.

Don haka duk ɗan takarar da ya zo garinku, ko na wace jam'iyya ne, kafin a yi masa tafi a yi masa tambaya huɗu. Ta ɗaya, in mun kira 112 daga nan, wa zai ɗauka, kuma yana jin harshenmu? Ta biyu, motar asibiti mafi kusa da mu tana ina, mil nawa ne, wa ke zuba mata mai? Ta uku, a mashigin ruwanmu akwai jirgin ceto da rigunan ruwa, kuma za a horar da masuntanmu a biya su? Ta huɗu, nawa zai sa a kasafin kuɗi domin wannan, kuma a wace shekara? Wanda ya amsa da adadi da lokaci, a rubuta a ajiye a hannun mai unguwa. Wanda ya kama kame-kame, kun dai ji da kunnenku.

Mu ma da namu nauyin. A koya wa yara da mata lambar nan, a kuma hana su wasa da ita. In ka kira, fara da sunan gari da ƙaramar hukuma da alamar da ke kusa, kamar kasuwa ko makaranta ko gada, kuma kada ka kashe waya sai an sallame ka. Kada a shiga jirgin da aka cika fiye da kima, kada a yi tafiyar ruwa da dare, a sa rigar ruwa ko da an iya iyo. Wanda ke da ɗa a Ikko ya aika masa da 767 da 112 yau ɗin nan.

Ajali na Allah ne, ba mai musu. Amma sakaci na mutum ne, kuma za a tambaye shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar zaɓe kowa ya fito da katinsa da sassafe, ya tuna da amsar da aka ba shi, sannan ya dangwala. Allah ya kiyashe mu da mummunan ji da mummunan gani, amin.