Juan Soto da Mets: Shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

A watan Disamban 2024 ne ƙungiyar wasan besbol ta New York Mets ta amince ta biya Juan Soto dala miliyan 765 cikin shekaru 15, jimillar kuɗin da ba a taɓa rubuta wa wani ɗan wasa a kwantiragi guda ba a tarihin wasannin Amurka.

Watanni biyar bayan haka, wasu daga cikin magoya bayan da suka yi ta murnar zuwansa sun fara tambayar ko ƙungiyar tasu ta sayi jaki ne a farashin doki.

Muhawarar da ta biyo baya ta wuce batun ɗan wasa guda. Ta taɓo yadda ake auna ƙwazo a wannan wasa, da tsohuwar gabar da ke tsakanin ƙungiyoyi biyu na birni ɗaya, da kuma tambayar ko kuɗin attajiri na iya sayen kofi.

Wane ne Soto?

An haifi Soto ne a watan Oktoban 1998 a Santo Domingo, babban birnin Jamhuriyar Dominika, ƙasar da ta fi kowace a wajen Amurka samar da 'yan wasa ga babbar gasar besbol. Ƙungiyar Washington Nationals ta ɗauke shi yana ɗan shekara 16, ya shiga babbar gasar a 2018 yana da shekara 19, sannan ya ci kofin World Series da ita a 2019.

Ga wanda bai saba da wasan ba, mai jifa ne ke wurgo ƙwallo, mai bugu kuma ya make ta da sanda, ya yi ƙoƙarin zagaya zango huɗu kafin a fitar da shi. Idan ya maka ƙwallon ta tsallake katangar fili, ya samu maki kai tsaye, shi da duk abokan wasansa da ke tsaye a zangunan. Idan kuma mai jifa ya kauce wa wurin da aka ƙayyade har sau huɗu, kuma mai bugun bai kai sanda ba, sai ya taka zuwa zangon farko kyauta.

Soto ya yi fice a duka biyun. Yana da ƙarfin hannu, yana kuma da idon da ke bambance jifa mai kyau da marar kyau fiye da kusan kowa a zamaninsa.

A 2022 ya ƙi karɓar tayin dala miliyan 440 daga Nationals, abin da wasu a lokacin suka kira ganganci. Ƙungiyar ta miƙa shi ga San Diego Padres, ita kuma ta miƙa shi ga New York Yankees a ƙarshen 2023. A kakarsa ɗaya tilo a can ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 41, kuma bugunsa ne a wasa na biyar da Cleveland ya kai Yankees wasan ƙarshe na World Series a karon farko tun 2009.

Abin da ke cikin kwantiragin

Yankees ba ta yi sake ba. Ta yi masa tayin dala miliyan 760 cikin shekaru 16. Bambancin jimillar bai wuce miliyan biyar ba, amma idan aka raba da shekaru, Mets na biyan miliyan 51 a shekara, Yankees kuma miliyan 47 da rabi.

Kakar wasa tana da wasanni 162. Ke nan kowane wasa Soto na tashi da kimanin dala dubu 315, ko ya buga da kyau ko bai buga ba. Wannan lissafi ne magoya baya suka riƙa yi duk daren da ya koma gida hannu rabbana.

Akwai abubuwa uku da suka sa masana suka ɗauki yarjejeniyar da muhimmanci fiye da adadin da aka sanar. Na farko, an ba shi dala miliyan 75 a matsayin kuɗin sa hannu. Na biyu, babu ko sisi da aka jinkirta biya. A nan ne ta sha bamban da ta Shohei Ohtani, wanda Los Angeles Dodgers ta rubuta wa miliyan 700 a 2023, amma miliyan 680 daga ciki sai bayan shekaru goma za a fara biya, abin da ya sa ainihin darajarta a kuɗin yau ta tsaya a wajen miliyan 460.

Na ukun shi ne damar ficewa. Bayan kakar 2029 Soto na iya soke yarjejeniyar ya koma kasuwa, sai fa idan Mets ta ƙara masa miliyan huɗu a kowace shekara cikin goman da suka rage, wanda zai kai jimillar miliyan 805.

Wato dai idan ya yi fice, zai nemi ƙari. Idan ya gaza, ƙungiyar ce za ta ci gaba da biya har 2039, lokacin yana da shekara 40. Kwantiragin babbar gasar besbol tabbatacce ne, ba a rage shi saboda rauni ko tsufa. Wakilinsa Scott Boras, wanda ya shahara wajen tatsar masu ƙungiyoyi, ya ɗora kusan dukkan haɗarin a wuyan mai saye.

Mai sayen kuwa shi ne Steve Cohen, attajirin da ya yi dukiyarsa a harkar zuba jari, ya kuma sayi Mets a 2020 kan kusan dala biliyan 2.4. Rabon Mets da kofi tun 1986, kuma sau biyu kacal ta taɓa cin sa, yayin da maƙwabciyarta Yankees ke da 27. Ga magoya bayan Mets, ƙwace Soto daga hannun Yankees shi kansa nasara ce, tun kafin a jefa ƙwallo ɗaya.

Watanni biyu na ƙunci

Wasan farko, a Houston a ƙarshen Maris na 2025, ya ƙare ne da Soto riƙe da sanda, abokansa biyu na jira a zango, aka fitar da shi, Mets ta sha kashi. Kashegari ya tsallakar da ƙwallo katanga, hankula suka ɗan kwanta.

Amma Afrilu da Mayu sun zo da abin da ba a zata ba. Gab da ƙarshen Mayu, cikin kowane ƙoƙari dubu, alƙaluminsa na nuna bugu mai kyau ƙasa da 230, alhali a kakar da ta gabata 288 ne. Abin da ya fi ɓata wa 'yan kallo rai shi ne yawan gazawarsa a daidai lokacin da abokan wasa ke dab da cin maki.

Sai kuma harshe ya ƙara wa wutar fetur. A tsakiyar Afrilu ya shaida wa jaridar New York Post cewa yanayin ya sauya masa, domin a Yankees yana da Aaron Judge a bayansa, wanda ya kira gwanin masu bugu, don haka masu jifa kan tunkare shi kai tsaye maimakon su kauce masa. Maganar gaskiya ce ta fuskar dabarun wasa. Sai dai a kunnen mai goyon bayan Mets, ta yi kama da amaryar da ke yabon gidan tsohon miji.

A tsakiyar Mayu ya koma filin Yankees a karon farko sanye da rigar abokan gaba. Dubban mutane suka yi masa ihu, wasu suka juya masa baya, shi kuma ya cire hular kwanonsa ya gaishe su. A wasanni ukun bugu ɗaya tak ya samu cikin ƙoƙari goma.

Daga nan Mets ta wuce Boston, inda ya maka wata ƙwallo da ya ɗauka ta tsallake, ya tsaya yana kallonta, sai ta daki doguwar koriyar katangar filin Fenway ta dawo. Zango ɗaya kawai ya samu a bugun da ya kamata ya ba shi biyu. Kocin ƙungiyar, Carlos Mendoza, ya ce za su yi magana da shi. Soto ya ce shi a ganinsa yana gudu yadda ya kamata.

A makon nan ne muhawarar ta bar alƙaluma ta koma kan zuciya. Masu kiran waya a tashar rediyon wasanni ta WFAN suka riƙa nazarin fuskarsa. An lura ya rage wata 'yar rawar tsokana da ya saba yi, inda yake share ƙasa da ƙafa yana zura wa mai jifa ido. Michael Kay, mai gabatar da wasannin Yankees a talabijin, ya yi iƙirarin cewa Soto ba ya cikin walwala, kuma iyalinsa ne suka fi son Mets.

Kashi biyu na magoya baya

Waɗanda suka kare shi sun dogara ne da na'urorin Statcast, da aka girka a dukkan filayen gasar tun 2015, masu auna gudun ƙwallo da kusurwar da ta tashi daga sanda. Na'urorin sun nuna cewa Soto na ci gaba da make ƙwallo da ƙarfi kamar da, illa dai tana yawan faɗawa hannun masu tsaro. A ganinsu rashin sa'a ne, kuma wasanni 55 ba su isa a yanke hukunci kan yarjejeniyar wasanni fiye da 2,400 ba.

Ɗaya ɓangaren ya amsa cewa ba a biyan mutum miliyan 51 don bugun da ya kamata ya shiga. Ana biyansa ne don wanda ya shiga.

Bai kamata a yi saurin raina wannan ɓangare ba, domin tarihi ya ba su dalilin fargaba. Albert Pujols ya karɓi miliyan 240 na shekaru goma daga Los Angeles Angels a 2011, ƙarfinsa ya yi ta raguwa, aka sallame shi kafin wa'adin ya cika. Ita kanta Mets har yanzu tana biyan Bobby Bonilla kimanin dala miliyan 1.19 a ranar 1 ga Yulin kowace shekara, kuma za ta ci gaba har 2035, alhali rabonsa da wasa tun 2001.

Sai dai tarihin ƙungiyar na da wani darasin na dabam. Carlos Beltrán ya sha ihu a kakarsa ta farko a 2005, a ta biyu ya tsallakar da ƙwallo sau 41. Francisco Lindor, mai kwantiragin miliyan 341, ya sha irin wannan a 2021, har ya rama da nuna wa 'yan kallo babban yatsa a kife, daga baya ya zama ɗan lelen filin. Bambancin Soto da Pujols kuma shi ne shekaru: Pujols ya sa hannu yana da 31, Soto yana da 26.

Yadda kakar ta ƙare

Masu alƙaluma ne suka yi gaskiya, kuma ba a daɗe ba. A watan Yuni kaɗai Soto ya tsallakar da ƙwallo sau 11, aka zaɓe shi gwarzon watan a rukunin National League. Duk da haka ba a gayyace shi wasan taurari na Yuli ba, alamar cewa tabon watannin farko bai goge ba.

Ya kammala kakar da bugun tsallake katanga 43, mafi yawa a rayuwarsa zuwa lokacin, da tafiyar kyauta 127, wadda ta fi ta kowa a gasar. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne satar zango, wato rugawa zuwa zango na gaba yayin da mai jifa ya shagala: ya yi 38, alhali bai taɓa wuce 12 ba. Mutumin da aka zarga da ƙyuyar gudu a Mayu shi ne ya yi kunnen doki a saman rukuninsa a wannan fanni. Ya zo na uku a zaɓen gwarzon shekara, bayan Ohtani da Kyle Schwarber.

Gefen da masu suka ke da sauran abin faɗa shi ne tsaron fili, inda ma'aunai suka sanya shi cikin masu rauni. Idan haka abin yake yana da shekara 26, akwai yiwuwar ya ƙare rabin wa'adinsa yana bugu kawai ba ya tsaro, kuma miliyan 51 kuɗi ne mai yawa ga rabin aiki.

Abin takaicin ga magoya baya shi ne yadda sa'ar Soto da ta ƙungiyar suka yi hannun riga. A ranar 12 ga Yuni, lokacin da yake farfaɗowa, Mets ta ci wasa 45 ta faɗi 24, babu wadda ta fi ta a gasar. A wannan ranar ce babban mai jifanta Kodai Senga ya ji rauni. Daga nan ta ci 38 ta faɗi 55, masu jifanta suka kasa jure dogon wasa, ta gwada fiye da 40 daga cikinsu a kaka guda. A ranar ƙarshe Miami Marlins ta doke ta da ci 4 da nema, Cincinnati Reds, wadda albashinta bai kai rabin na Mets ba, ta karɓe gurbin ƙarshe na zagayen neman kofi.

Wannan ya bayyana wani abu da ya raba besbol da ƙwallon ƙafa ko ta kwando. Komai gwanintar mai bugu, sau huɗu ko biyar yake riƙe sanda a wasa, kuma dole ya jira layinsa cikin mutum tara. Ba za a iya miƙa masa ƙwallo a minti na ƙarshe don ya ceci ƙungiya ba.

Ta fuskar yawan 'yan kallo kuwa Cohen bai yi asara ba. 'Yan kallo a filin Citi Field sun haura miliyan uku a 2025, daga kimanin miliyan 2.3 a shekarar da ta gabace ta.

Masu ƙananan ƙungiyoyi na kallon lamarin da wani ido. Babbar gasar besbol ba ta da iyakar albashi kamar sauran manyan wasannin Amurka, sai dai haraji kan wanda ya wuce wani mizani, har ma an ƙara wani mataki a 2022 da ake yi wa laƙabi da harajin Cohen. Masu neman a sa iyaka na kafa hujja da kwantiragin Soto. Ƙungiyar 'yan wasa, wadda ta daɗe tana adawa da hakan, na iya nuna musu sakamakon Mets da Reds.

Bayan kakar, shugabannin Mets sun rusa tsohon ginin da suka tarar. An miƙa Brandon Nimmo ga Texas Rangers, Edwin Díaz ya tafi Dodgers, shi kuma Pete Alonso, wanda ya shafe yawancin 2025 yana bugu a bayan Soto, ya koma Baltimore Orioles kan dala miliyan 155.