Martani: Likitan DO Ba Mai Tausa Ba Ne

Marubucin da ya kira makarantun ostiyofati na Amurka matattarar masu tausa bai yi adalci ba. Tun da Andrew Still ya buɗe ta farko a Kirksville a 1892, karatun ya sauya. Yau ɗalibi shekara 4 yake yi ya sami digirin DO, lasisinsa cikakke ne a jihohi 50, kuma tun 2020 layi ɗaya yake bi da likita mai digirin MD wajen horon ƙwarewa, har tiyata. Za a ce akwai tsada, da yawan makarantun ba su da asibitin koyarwa, ɗalibi na yawo gari-gari neman inda zai duba majinyata. Gaskiya ne, kuma darasin danna ƙashin kai hujjarsa rarrauna ce. Amma wannan bai soke likitancin masu DO ba. Malam, ka janye kalmar nan.