Igiyar Hawa Ba Igiyar Guga Ba Ce

Ya ku manoma da masu gari, ga wata magana da muke so ku ɗauka da muhimmanci, don kuwa magana ce ta rai.

Kun sani da zarar rani ya tsaya, ciyawa ta ƙare a daji, sai mutane su koma wa itatuwa. Wani ya hau gawo ya sassaro wa dabbobinsa ganye, wani ya hau ɗorawa, wani ya hau kuka don miya ko don ɗora amya, wani kuma ya hau darbejiya ya datse reshen da ya rufa bisa ɗaki. Mafi yawansu ba su ɗaura kome. Wanda ya ɗaura kuwa, sai ka tarar igiyar guga ce ya kwanto, ko wadda aka ɗaure jaki da ita jiya. To, ra'ayinmu shi ne: igiyar da za ta ɗauki ɗan Adam wajibi ne ta zama ta hawa kaɗai, ba ta da wani aiki bayan wannan.

Kada ku ce ai kakanninmu sun hau ba igiya. Gaskiya ne sun hau, amma ku tambayi tsofaffin garinku waɗanda suka faɗo. Kada kuma ku ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, don kuwa an ce rigakafi ya fi magani. Magidancin da ya karye a baya ana dab da shuka, gonarsa ta kwana, iyalinsa kuma sun zama nauyin jama'a.

Da fari ku dubi irin igiyar. Ta rama da ta kaba da ta ɓawon kuka suna da kyau wajen ɗaurin dami da turke, amma laima takan ruɓar da su daga ciki, gara da ɓera su ci, ido bai gani ba. Igiyar roba mai shuɗi da ta cika kasuwanni ita ma ba ta hawa ba ce: rana takan cinye ta har ta yi gari, tana da santsi, ƙullinta yakan zame, in ta gogu da reshe kuma zafi ya narkar da ita da wuri. Araha ba ta ado.

A Ingila da Amurka gyaran itatuwa sana'a ce mai zaman kanta, har ana kiran mai yinta likitan itace. Da can su ma da igiyar tsiro suka yi aiki. A shekarar 1935 aka ƙago zaren nailan a Amurka, a 1941 kuma aka ƙago zaren poliyesta a Ingila. Masu wannan sana'a sun fi son poliyesta, domin nailan yakan miƙe da yawa, in ya jiƙe kuma ƙarfinsa ya ragu. Kaurin igiyarsu kamar rabin inci ne, watau milimita 11 zuwa 13, saƙaƙƙiya, mai riga a waje da zare a ciki. Ƙa'idar Amurka ta ce kada ƙarfinta ya kasa laba 5,400, watau wajen kilo 2,450, nauyin buhun gero 24 ke nan da ɗoriya.

Wani zai ce ina mutum ɗaya ina nauyin buhu 24? To, ku lura. Kowane ƙulli yakan rage ƙarfin igiya, wani har kusan rabi. Tsufa da goga su ma su rage nasu. Mutumin da ya zame kuma, fizgar da zai yi wa igiya ta ninka nauyinsa sau da yawa. Saboda haka masu sani ba su ɗora mata abin da ya wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinta. Tsawonta kuwa ya ninka tsawon itacen sau biyu, don mai hawa ya iya sauka har ƙasa ba tare da ya kwance ba. In kun je saye ku nemi wadda aka rubuta ƙarfinta da shekarar da aka yi ta. Kada ku sayi kwance.

Ga sharuɗɗan kiyaye ta:

1. Kafin kowane hawa, a bi ta da hannu tun daga wannan baki har wancan. In an ji wuri ya yi tauri, ko ya lotsa, ko ya yi ƙyalli kamar ƙuna, ko zare ya tsinke, a ajiye ta.

2. Kada a saukar da reshe da igiyar da mutum yake kai. Ta sauke rassa dabam, a shafa wa bakinta launi don kada a rikita.

3. A rataya ta a gwafa mai rai mai kauri, a sa mata ɗan tiyo ko madauri inda za ta gogu, don a tsare igiyar, a tsare ɓawon itacen kuma. A kula da ƙayar gawo, a kuma tuna reshen kuka ba shi da ƙwari kamar yadda kaurinsa ya nuna.

4. Mai sara da gatari ko adda ko zarto ya ɗaure kansa wuri biyu, don in ƙarfe ya taɓa ɗaya, ɗayar ta riƙe shi. Kada ya zarga igiya a tsirarar ƙugu, ya nemi ɗamara mai faɗi wadda aka yi don wannan aiki.

5. Kada a taka ta, kada a ja ta cikin rairayi, don ƙasa takan shiga ciki ta yi ta yankan zare. In ta yi dauɗa a wanke da ruwan sanyi, a shanya a inuwa.

6. A ajiye ta cikin jaka a rataye, nesa da murhu da fetur da maganin ƙwari. Ruwan batir yakan kashe igiya, wani lokaci ba ya ko barin tabo.

7. Igiyar da ta taɓa tare faɗuwa mai tsanani ta gama aikinta. A yayyanka ta guntu-guntu a ɗaure awaki, kada wani ya ɗauka ya hau da ita.

Ya ku dagatai da masu unguwanni, mun sani irin wannan igiya tana da tsada, ba kowane talaka ne zai iya sayenta ba. Amma abin da ya gagari mutum ɗaya ba ya gagarar gari. Ku tara jama'a a haɗa kuɗi a sayi guda biyu, ta hawa da ta sauke rassa, a danƙa wa amintacce, ya rubuta ranar saye da sunan duk wanda ya ara. A Ingila, tun 1998 doka ta wajabta wani masani ya bincika kayan da ke ɗaukar mutum kowane wata 6. Ku ma ku sa a duba taku da farkon rani da farkon damina. Kada kuma ku yarda kowa ya hau itace shi kaɗai ba mai tsaya masa a ƙasa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya kiyashe mu da faɗuwa, ya ba mu damina mai albarka, amin.